Ɗaga gaban mota don hanyar daji: inci biyu da abin da ke biyo bayansu

Da zarar ruwa ya zauna a Gombe, wajen Yuli zuwa Agusta, masu Hilux da Land Cruiser da ke shiga ƙauyukan Dukku da Nafada ko gonakin bayan Dadin Kowa sai su cika gareji da magana ɗaya: "Oga, a ɗaga min gabanta." Uzurinsu a fili yake. Manyan motoci sun haƙa sawu a cikin taɓo, tsakiyar hanya ta yi tozo, ƙasan mota na gurza. Aikin yana yiwuwa, amma duk milimitar da aka ƙara tana karkata wani ƙarfe a ƙafar mota, shi ya sa nake ganin kada motar da ke ɗaukar kaya da mutane ta wuce milimita 50, wato inci biyu.

A fara da sanin abin da ke tashi. A motar da aksul ɗinta na gaba guda ne miƙaƙƙe, irin Land Cruiser 79, sifirin yana ɗaga shasi da bodi ne kawai. Tulun aksul, wato kumburin tsakiyar aksul da ke raba juyi ga tayoyi, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Taya 265/65R17 tsayinta milimita 776 ne, 265/70R17 kuma 803. Rabin bambancin ake samu a ƙasa, milimita 13 ke nan. A motar da kowace ƙafa ke motsi da kanta kuwa, tulun a jikin shasi yake, yana tashi tare da ita, sai dai shaf, sandar da ke kai juyi daga tulun zuwa taya, ne ke biyan kuɗin.

Hilux mai giyar taimako ta 1997 zuwa 2005, da L200 da Nissan na zamaninta, sandar toshon ce ke riƙe da gabansu: doguwar sandar ƙarfe da ke murɗewa a madadin sifirin, da noti na saiti a ƙarshenta ta baya. Sauƙin ɗaure wannan noti shi ya sa aka fi ɓata aiki a nan. Ɗaure shi ba ya ƙara wa ƙafa zangon da take tafiya. Zangon yana nan yadda kamfani ya yi shi, kawai an matsar da mazaunin mota sama ne, an ci daga rabon da taya ke sauka idan ta faɗa rami. In aka cinye rabon nan, hannun sama zai kwanta a kan robarsa, mota ta riƙa tsalle a gargada kamar amalanke, taya na barin ƙasa.

Ga yadda ake yi. A tsayar da mota a daɓen siminti, iskar tayoyi daidai. A auna daga tsakiyar hob, inda ake ɗaure taya, zuwa bakin mudgad, dama da hagu, a rubuta. Ba daga ƙasa ake aunawa ba, don taya na yaudara. Sai a sa jak a shasi har taya ta yi reto, a sake aunawa. Bambancin awo biyun shi ne saukar ƙafa, kuma bayan an gama aiki ya kamata a bar aƙalla milimita 60. Wanda ya samu 95 tun farko, 35 ce iyakarsa, ko da mai mota ya so fiye. A goge zaren bol ɗin saitin da burushin waya, a jiƙa shi da mai tun daren jiya, domin laka da tsatsa sun daɗe a kansa. Kada a ɗaure shi nauyin mota na kai, zare zai cinye. A ɗaure zagaye biyu biyu, ana ƙirgawa, a sauke mota, a tura ta gaba da baya, a girgiza, sannan a auna. Ma'auni ake bi, ba ƙirgen zagaye ba, saboda sau da yawa sandar ɓangaren direba ta fi gajiya. Idan an cire sandunan gaba ɗaya, a duba alamar dama da hagu a bakinsu. Kowace ta saba murɗewa ta fuska ɗaya, in aka musanya su tana iya karyewa.

Daga 2005 Hilux ta koma sifirin mai naɗi a jikin shokozoba. A nan lissafi ne ke kayar da mutane. Shokozoba tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, ba a bakin taya ba, don haka ɗorin milimita 25 a kanta yana ba da kusan 50 a taya. Wanda ya sa ɗorin 50 yana neman inci biyu, ya wuce gona da iri: boljoyin na sama zai kai maƙura, hannun sama ya riƙa dukan sifirin, shaf ya karkace har robarsa ta riƙa cin kanta. Roba ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Ana rage karkacewar shaf ɗin da sauke tulun aksul kamar milimita 25.

Land Cruiser 79, wadda ta samu sifirin mai naɗi a gaba tun 1999, matsalarta daban. Hannaye biyu ne ke riƙe aksul daga baya, in shasi ta tashi sai su juya aksul ɗin gaba, kasta ta ragu. Kasta ita ce jinginar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. In ta yi ƙasa, mota na yawo a titin Gombe zuwa Bauchi, direba na ta gyara hannu. Maganin inci biyu shi ne bushin gyaran kasta na digiri 2. A kuma duba tiyon birki yayin da aksul ke reto. In ya miƙe tsaf, a sa mai tsawo.

Tsohuwar Hilux mai sifirin falle-falle a gaba, kada a kuskura a sa mata bulo tsakanin sifirin da aksul na gaba. Birki da sitiyari duk a wurin suke aiki. Ƙarin falle ɗaya ko sabon sifirin ya fi, da sababbin yubol, a sake ɗaure su bayan tafiyar kwanakin farko.

Sai maganar gasa ƙarfen ƙafar mota da wuta don a lanƙwasa shi, wadda ita ta fi damuna. Ford ta fito da gaba mai ƙarafa biyu masu gicciye a 1965, ta yi irinsa mai giyar taimako a 1980, kuma jefi-jefi ana ganin tsofaffin F-150 da Ranger a nan. Kowane ƙarfe na lilo ne daga ɗaya gefen shasi, don haka in aka ɗaga mota kan taya yana buɗewa waje, gefen waje ya cinye cikin 'yan makonni. A Amurka ana gyara wannan ta sauke mariƙin ƙarfen, ko a lanƙwasa shi da injin matsi a kan ma'auni, ko a yanka a sake haɗawa a cikin firam na musamman a ƙarfafa da faranti. Gasa shi da wutar gas har ya yi ja a buga da guduma wani abu ne daban. Zafi yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, na zubi kuma tsagewa yake yi ta ciki inda ido ba ya gani, sai ranar da aka faɗa rami da lodi. Haka yake ga hannun ƙafa, da tayarod, da fallen sifirin da ake kai wa maƙeri ya ƙara masa baka. Mai walda na kirki zai ce maka wannan ba aikinsa ba ne.

Kowace hanya aka bi, daga gareji sai wurin alaimen, a saita kamba, wato jinginar kan taya ciki ko waje, da kasta kafin bakin tayoyi. Bol ɗin bushi ana ɗaure su ƙarshe ne mota na tsaye a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage. A sauke fitilun gaba kada su shiga idon masu tahowa. In an ɗaga baya ma, a gyara sandar bawul ɗin birki da ke saman aksul na baya, domin tsayin mota take karantawa ta raba ƙarfin birki. In aka bar ta, za ta ɗauka motar ba kaya alhali buhunan masara daga kasuwar Tudun Hatsi sun cika bodi.