Ranar cike fom ta fi ranar jarrabawa wuya

Ɗaki biyu nake haya a Aboabo, nan Kumasi ta Ghana, da benci goma sha huɗu da allo biyu. Ni da malamai uku muke koyar da yaran aji uku na ƙaramar sakandare da yamma, daga la'asar zuwa magariba, don su haye BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare ta hukumar jarrabawa WAEC. Kuɗin wata iyaye ke biya, wasu kuma sai kasuwar Kejetia ta yi kyau.

Koyarwar ba ta ba ni wahala. Turanci, lissafi, kimiyya da ilimin zamantakewa su ne dole, sai a ƙara darussa biyu da yaro ya fi ci, a haɗa maki. Ɗaya ce ƙoli, tara ce ƙasa, wanda ya samu jimillar shida ya gama da kowa. Muna ba yaren Asante lokacinsa ma, tunda Hausar da muke yi a gida ba ta cikin jarrabawar, abin da har yau yake ci mini rai.

Inda nake zufa shi ne lokacin cike fom na zaɓen babbar sakandare da kwas. Tun 2005 kwamfuta ke rarraba yara a makarantu, kuma ba ta san ɗan wane ba. Da aka mai da babbar sakandare kyauta a 2017, sai kowa ya ɗaga ido sama ga manyan makarantu: namiji Prempeh ko Opoku Ware, mace Yaa Asantewaa, kuma duk kimiyya, duk likita.

Bara wani dattijo mai sayar da goro ya zo da 'yarsa. Yarinyar tana da hannun zane, ga ƙwaƙwalwar ciniki, amma lissafi na kayar da ita. Ya ce, "Malam, ku rubuta mata kimiyya kawai." Na ce, "Alhaji, ku dubi takardunta tukuna." Na shimfiɗa masa gwajin wata shida a kan tebur. Ya yi shiru, ya ce ni na fi shi sani, amma maƙwabcinsa fa? Ashe ɗan maƙwabci ne ke karatun likita a jami'ar KNUST.

Ba na ɓoye wa iyaye cewa kwas ƙofa ce mai wuyar sauyawa. Wanda bai ɗauki lissafin zaɓi (ƙarin darasin lissafi bayan na dole) ba, injiniyanci ya yi masa nisa. Wanda kuma aka cusa kimiyya da ƙarfi yakan fito WASSCE, jarrabawar gama babbar sakandare, da makin da bai kai C6 da jami'a ke nema ba, ƙofar jami'a ta rufe. Kasuwanci, zane, tattalin gida, aikin gona da fasaha duk suna nan, kowanne da inda yake kai mutum.

Sau uku Alhaji ya dawo, na ukun da uwar yarinyar. Ita ce ta ce, "Malam, ku tambaye ta mana." Muka tambaya, ta ce kasuwanci, a T.I. Ahmadiyya, kusa da gida. Alhaji ya sa hannu, ya bar mini goro biyar, bai ce uffan ba.