Yadda Ake Sa Solinoid Ya Kaɗa Ganga A Gaban Jama'a

Solinoid waya ce da aka nannaɗe da sandar ƙarfe a tsakiya. Wuta na shiga, sandar ta zabura ta kai duka. Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta, shi ke ba da umarnin bugun. Amma ƙafarsa volt 5 take bayarwa, kuma bai kamata a ja sama da miliamfiya 20 daga gare ta ba, alhali solinoid mai volt 12 kan sha amfiya ɗaya ko fiye. Wanda ya haɗa su kai tsaye ya ƙona allonsa.

MOSFET, wato makunnin lantarki da ƙaramar wuta ke buɗewa don babbar wuta ta wuce, ake sawa a tsakani. A nemi IRLZ44N, don volt 5 na buɗe shi sosai. IRF540 ba ya gama buɗewa, sai zafi kamar dutsen guga. A sa razista, mai rage gudun wuta, mai ohm 220 tsakanin Arduino da gate, ƙafar da ke buɗe MOSFET, wata mai 10k daga gate zuwa nagetif, don kada solinoid ya yi ta duka da kansa lokacin kunnawa. Nagetif ɗin Arduino da na wutar volt 12 dole su haɗu. Sai dayod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan ƙafafun solinoid, gefen mai zobe na kallon fozitif. In babu shi, wutar da naɗin ke mayarwa idan an yanke ta za ta kashe MOSFET.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne tsawon bugu. Makaɗi ba ya barin gula kwance a kan fata, yana bugawa ne ya janye. Solinoid ɗin da ya daɗe a manne yana shaƙe amon gangar, naɗinsa kuma ya gasu. Milisakan 10 zuwa 30 sun isa. Arduino ne zai ƙirga lokaci da umarnin millis() ya yanke wutar da kansa, kada ya jira Note Off, saƙon tsayar da sauti na MIDI, yaren da kayan kiɗa ke aika wa juna umarni da shi, domin in waya ta zare ana tsakiyar wasa saƙon ba zai zo ba har hayaƙi ya tashi. A guji umarnin jira na delay(): muddin yana ƙirge, sauran gangunan a tsaye suke.

A kula, bugu mai taushi ya fi mai ƙarfi jinkirin isa fata, kunne kuwa yana kama wannan. A rage tazarar sanda da fata zuwa 'yan milimita.

Idan allon na mutuwa yana farfaɗowa duk lokacin da solinoid uku suka buga tare, wuta ce ke faɗuwa. A raba masa wutarsa daban, a sa kondensa, ma'ajiyar wuta, mai 2200µF kusa da MOSFET ɗin.