Wahalar takardar haihuwar yara lokacin da zan ɗauko iyalina zuwa Saudiyya

Ina aikin lab a wani asibitin kuɗi a Jidda, to bayan na samu iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, na ɗan zauna sai na fara neman bizar ɗauko uwargida da yaranmu uku, wadda Larabawa ke ce wa istiƙdam. Kowa ka tambaya maganar albashi zai maka da irin sana'ar da aka rubuta maka a iƙama, kuma gaskiya ne suna dubawa, amma ni abin da ya ci min lokaci takardar haihuwar yara ce da fassararta, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani ɗan uwa zai amfana.

Abu na farko, katin nan da asibiti ke bayarwa ranar haihuwa mai nauyin jariri da sunan ungozoma, ba shi ake nufi ba. Ajiye shi a akwati na tarihi ne. Wadda ake karɓa ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa wato NPC, don tun dokar 1992 su ke da alhakin rajistar haihuwa a Najeriya, kuma in an yi cikin kwana 60 da haihuwa kyauta ne, amma mu dai kun san halinmu, ana yanka ragon suna an gama, sai yaro zai shiga makaranta ko za a yi fasfo ake tunawa. Babban ɗana katin asibitin kaɗai gare shi, sai ƙanina ya je ofishinsu na ƙaramar hukumarmu a Kano ya yi masa. Wanda ya wuce shekara 18 kuma ba satifiket ɗin yara za su ba shi ba, sai ya je babbar kotu ya yi rantsuwar shekaru sannan NPC su ba shi takardar shaida ta manya, haka aka yi wa uwargida duk da ita takardar aure aka fi nema a wajenta. Ita ma takardar auren labari ce mai zaman kanta tunda mu ɗaurin aurenmu a ƙofar gida aka yi da goro da alawa, babu wanda ya rubuta komai, sai kotun shari'a muka je da shaidu aka ba mu.

Daga nan sai hatimai. Akwai wata yarjejeniya ta Hague ta 1961 da ake kira afostil, ƙasashen da ke ciki sitika ɗaya ake manna wa takarda shikenan ta wuce, Saudiyya ta shiga a 2022 amma Najeriya ba ta ciki, saboda haka abokin aikina ɗan Filifin ya gama nasa da wuri ni kuwa sai da takarduna suka bi layi. Layin kuwa shi ne Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta fara buga nata, sannan ofishin jakadancin Saudiyya ya tabbatar da sa hannun ma'aikatar, in takardun sun iso nan kuma ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya ta ɗora nata. Kowanne hatimin wanda ya gabace shi yake dubawa, in ka tsallake ɗaya na gaba ba zai ko karɓa ba. Kuma dan Allah kada a yi wa takardar laminatin, a bayanta ake buga hatimi da sitika, roba ba ta karɓar tawada, matanmu suna son yi wai kar yara su jiƙa ta. A sa ta cikin fayil kawai.

Yanzu fassara, nan ne asalin maganar. Takardarmu da Turanci take, su kuma Larabci suke aiki da shi, kuma ba wai ka ba malamin Islamiyyar unguwarku ya juya maka ba komai iya Larabcinsa, ofishin fassara mai lasisi ake so wanda zai buga hatiminsa da lambar lasisi a ƙasa. Ni a nan Jidda na yi bayan an gama hatiman gida, dalilina shi ne mai fassarar har hatiman da ke baya yake fassarawa, in ka yi tun farko sai ka ga rabin abin da ke jikin takardar babu shi a Larabcin.

Matsalar sunayenmu ce. Mu Hausawa sunan Larabci ne da mu amma mun lanƙwasa shi yadda bakinmu ke so, Usman, Hauwa, Hadiza, Amadu, Habu. 'Yata ta biyu Hadiza ce a fasfo da satifiket, mai fassarar wani dattijo ɗan Sudan mutumin kirki yana gani ya ce ai wannan Khadija ce, ya rubuta Khadija da haruffan Larabci yana ganin taimako ya yi min. Ta fuskar asali bai yi ƙarya ba, amma ma'aikacin da ke zaune bayan gilashi ba tarihin suna yake bi ba, yana riƙe da kwafin fasfo a hannu ɗaya fassara a ɗaya, in bai ga abu ɗaya ba to mutum biyu ne a wajensa. Sai da na roƙi dattijon ya sake bugawa yadda sautin yake a fasfo. Haka sunana a matsayin uba, dole ya fito harafi da harafi yadda yake a iƙamata da Larabci, don haka tun kafin ya fara ka miƙa masa kwafin iƙamarka da na fasfon kowa ka ce daga nan zai kwafa. Mu da muke sa sunan gari a ƙarshe kamar Gwarzo ko Funtuwa ko Ɗanbatta abin ya fi tsanani, Larabci ba shi da wasu haruffanmu, masu fassara biyu za su iya rubuta shi iri biyu, gara duk takardun gidan mutum ɗaya ya yi su a zama ɗaya.

Kafin ma a kai ga Larabci a duba Turancin kansa. Muhammad a satifiket, Mohammed a fasfo, Moh'd a takardar aure, wannan ya zama ruwan dare a gidajenmu kuma gyara shi a Najeriya ya fi sauƙi da arha kafin hatimai su hau, don in an canza takarda daga baya duk layin nan sai an sake bin shi daga farko. Ranar haihuwa ma haka, a zauna a jera NIN da fasfo da satifiket a kan tabarma a karanta ɗaya bayan ɗaya, kuma ka karanta fassarar a gaban mai ita kafin ka biya, 3 ga wata na 4 na iya komawa 4 ga wata na 3 cikin sauƙi.

Ejan kuwa ban ce kar a yi amfani da shi ba tunda kana nan takardu na Abuja, amma duk wanda ya ce zai samo maka satifiket ɗin NPC ba tare da kowa ya je ofishinsu ba ka guje shi, takardar bogi in aka kama ba bizar yara kaɗai za ta ci ba har aikinka. Kuma a yi lissafi tun da wuri, bayan sun iso akwai harajin iyali riyal 400 duk wata a kan kowane mutum, mutum huɗu na ɗauko, kun ga 1,600 kenan kafin a sayi shinkafa.

Autarmu a nan aka haife ta, sai abin ya juya, satifiket ɗinta na Ahwal Madani, wato hukumar rajistar haihuwa ta Saudiyya, da Larabci yake, da za mu yi mata fasfon Najeriya a ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda na koma wajen dattijon nan ya mayar da shi Turanci, na rubuta masa sunanta da nawa da na mahaifiyarta a takarda yadda suke a fasfonmu na ce haka nake so su fito.