Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Farin Gida a Archez

A makon jiya mun tsaya inda likita ya gaya wa Abban yara cewa sanyin Manchester ne ke ƙara tayar masa da ciwon gwiwa, ni kuma lokacin ajiye aikina na jinya ya matso. Komawa Kano gaba ɗaya ba ta taso ba, don yara da jikoki duk suna Ingila. Shi ya sa hankalinmu ya karkata ga sayen gida a kudancin Sifaniya, inda ake samun rana ko a watan Janairu, jirgi kuma kamar awa uku ne zuwa Malaga.

Gidajen bakin teku a Nerja da Torre del Mar sun fi ƙarfin aljihunmu, wannan ba sai na ja zance ba. Dillaliyar gidajen da muka samu ta ce mu hau duwatsu, yankin da ake kira Axarquia, gabas da Malaga. Hanya ce mai lanƙwashe-lanƙwashe, hagu da dama gonakin zaitun da na mangwaro da fiya, sai wasu shimfiɗaɗɗun dakali a gangaren tsauni inda ake shanya inabi ya zama zabibi. Kamar rabin awa daga teku muka isa Archez, ɗan ƙauye fari tas a gefen rafin Turvilla.

Abin da ya fara kama Abban yara hasumiya ce. A tsakiyar ƙauyen akwai coci, amma hasumiyar da aka rataya ƙararrawarta ta masallaci ce tun zamanin Musulmin Andalus, ginin jan bulo mai zanen saƙa, tsayinta wajen mita 15. Ya daɗe a tsaye yana kallonta. Ya ce, "Maman yara, nan fa an taɓa kiran salla." Daga nan na san duk abin da za a nuna mana, ya riga ya saya a zuciyarsa.

Gidan da aka nuna mana kuwa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wani Bature ɗan Holan ne ya saye shi yana kango ya gyara. Katangar ƙasa ta dutse da laka ce, kaurinta ya kusa kamu guda, ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi kamar ka shiga zauren ginin ƙasa a Kano. Ya bar tsofaffin azarorin rufi ya shafa musu mai, ya shimfiɗa jan tayil, ya sa sabon kicin. A sama ya ƙara ɗaki guda da fili a buɗe, daga nan kana hango tsaunukan da suka kewaye ƙauyen. Mota ba ta shiga lungun, sai dai a ajiye ta a ƙasa a hau da ƙafa. Na kalli gwiwar mijina na kalli matattakalar, ya kawar da kai.

Ni shekarun da na yi a asibiti sun koya mini cewa ba a yarda da "na warke" sai an duba takarda. Na matsar da wata kujera da aka jingina da bangon baya, wanda ya manne da jikin dutse, na taɓa. Fentin ya kumbura, yana zubowa kamar gari a yatsa. Dillaliyar ta ce ai duk tsofaffin gidajen ƙauye haka suke. Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Mutanen zamanin da suna shafa farar ƙasa ne duk shekara, ita kuwa tana barin bango ya fitar da danshi. Mai gyaran zamani ya lulluɓe shi da siminti da fentin roba, danshin ya rasa mafita sai ya taru a ciki. Wata tsohuwa maƙwabciya, da ke zaune bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya, ta nuna mini nata bangon da hannu, ta buga shi, ta yi dariya.

Da daddare na kira Hajiyata a Kano. Tambayarta ta farko: "Akwai ruwa?" Tambaya ce mai nauyi a shekarar 2023, lokacin da dam ɗin La Viñuela, mafi girma a lardin Malaga, ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, har ana ɗauke ruwan famfo da dare a wasu garuruwan gaɓar teku. Ta biyu: "Masallaci fa?" Na ce Hajiya, Juma'a sai mun sauka gaɓa inda 'yan Maroko ke taruwa. Ta ce, "To, Allah Ya zaɓa mafi alheri, amma kar ku ba da ko sisi sai kun ga takarda."

Dillaliyar ta so mu yi amfani da lauyan da suke aiki tare. Na ƙi, muka nemi namu a Velez-Malaga. Lauyar tamu, mace ce, ita ta zaunar da mu ta warware mana komai. Baƙo ba ya sayen gida sai ya karɓi lambar shaidar baƙi da ake kira NIE. Kafin alƙalami galibi kashi 10 ne cikin 100, kuma sharaɗinsa yanka ne: in mai saye ya fasa, kuɗinsa sun tafi, in mai sayarwa ya fasa, ya biya ninki biyu. Harajin sayen tsohon gida a yankin Andalus, inda Archez yake, kashi 7 ne, ban da kuɗin notariyo, wato jami'in da ke shaida takardun ciniki, da na rajista da ladarta. Tunda mai gidan ba mazaunin Sifaniya ba ne, dole mu riƙe kashi 3 na kuɗin mu kai wa hukumar haraji a madadinsa. Ta kuma tuna mana cewa tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, fasfonmu kwana 90 kawai yake ba mu a cikin kowane 180, mallakar gida ba ta ƙara ko yini. Abban yara ya yi ta lissafi a bayan ambulan, fuskarsa na sauyawa.

Sai ta ciro takardar rajistar gidan, wadda suke kira nota simple. A takarda, gidan hawa ɗaya ne, ba bene. Ɗakin sama da filin da muka tsaya muna kallon tsauni babu su, an ɗora su ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba. Ta ce wannan yana da magani: in mai zanen gini ya shaida cewa ƙarin ya wuce shekara shida kuma hukuma ba ta buɗe masa fayil ba, ana iya shigar da shi rajista, kuma mai sayarwa ya kamata ya biya. Na fara sakin numfashi.

Ta ɗora biro a kan wani layi, ta juyo da takardar wajenmu. Sunan mai gida biyu ne. Na Baturen, da na wata mace, kowa rabi. Lauyar ta ɗaga waya ta kira dillaliya a gabanmu, ta tambaye ta ina matar. Aka yi shiru a ɗaya ɓangaren, sannan aka ce sun rabu, kuma ba sa magana.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.