Ƙarfe nawa kuka sha maganin, Baba?

Satina na uku kenan a sashen masu dashen ƙoda aka miƙo min takardar sakamakon jinin wani dattijo, takrolimus ɗinsa, wato maganin da ke danne garkuwar jiki kar ta ƙi ƙodar da aka dasa, ya nuna 19, alhali a matakin da yake ana so ne ya tsaya tsakanin 5 zuwa 10 ko kusa da haka. Gabana ya faɗi. Duk abin da na haddace ya taso min lokaci guda, maganin nan idan ya yi yawa a jini ƙodar da aka sa shi ya tsare ita yake fara ci, yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini, ga rawar hannu ga hawan suga ga fotasiyom ya tashi, toh nan take na ɗauki biro na fara rubuta shawarar a rage masa dos. Babbar mai harhaɗa magunguna da nake koyon aiki a ƙarƙashinta ta leƙo takardar, tambaya ɗaya ta yi min, ka je ka tambaye shi ƙarfe nawa ya sha?

Na je na same shi a kan benci riƙe da 'yar jakar magungunansa. Na ce Baba, yau da safe kun sha maganin kafin a ɗebi jinin? Ya ce na sha mana ɗana, ai cewa aka yi kar in kuskura in tsallake ko sau ɗaya, ƙarfe bakwai na sha, wajen tara aka ɗiba. Shi ke nan fa. Gwajin takrolimus ana yinsa ne a lokacin da maganin ya fi ƙaranci a jini, wato awa 12 bayan shan dare kuma kafin a sha na safe, shi kuwa Baba an ɗebi nasa ne daidai lokacin da maganin ke ganiyarsa, awa biyu bayan haɗiya. Lambar gaskiya ce amma ba ita ake nema ba. Da an bi rubutuna an rage masa, da mun bar ƙodar da 'yarsa ta ba shi babu isasshen mai gadi, garkuwar jikinsa ta far mata. Washegari ya dawo bai sha ba sai da aka ɗiba, sakamako ya fito 7.

A makaranta yadda maganin ke aiki shi muka fi ba ƙarfi, kuma har yau ina son wannan ɓangaren wallahi, akwai daɗi. Ƙwayar T, ɗaya daga cikin fararen ƙwayoyin jini, idan ta ga baƙon abu sai wani inzayim da ake kira kalsinurin ya buɗe hanyar da za ta samar da IL-2, shi kuma IL-2 shi ne kiran gangami, ƙwaya ɗaya ta zama dubbai. Saiklosforin, wani maganin danne garkuwar, da takrolimus duka kalsinurin ɗin suke toshewa, sai dai kowanne da furotin ɗin da yake fara kamawa. Saiklosforin daga wata fumfuna aka samo shi a cikin ƙasar da aka ɗebo a Norway, Roy Calne ya fara ba masu dashen ƙoda a Cambridge ta Ingila a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983, kuma daga nan ne dashe ya bar zama abin sa'a. Kafin nan fa dashen farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya sak, don a nan ne kawai jiki ba zai ga ƙodar a matsayin baƙuwa ba. Takrolimus shi ma daga ƙasa ya fito, a kusa da dutsen Tsukuba na Japan a 1984, sirolimus kuma daga tsibirin Rapa Nui. Duk na san wannan na ci jarrabawa da shi. Amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin cewa tambayar ƙarfe nawa za ta fi min duk wannan amfani a gaban majiyyaci ba.

Abin da ya sa kuwa, tazarar da ke tsakanin dos ɗin da ke aiki da wanda ke cutarwa siririya ce ainun, kuma abin da ya fi ɗaure min kai alamar ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Kiriyatinin, dattin da hawansa ke nuna ƙoda bata tacewa sosai, ya hau a jinin mai dashe, ko dai jiki ne ke ƙin ƙodar saboda magani ya yi kaɗan, ko kuma maganin ne ya yi yawa yana matse ta, ɗaya ƙari yake so ɗaya ragi, idan ka canka ba daidai ba ka ƙara wa wuta fetur. Shi ya sa wani lokaci dole sai an sa allura an ɗebo ɗan tsokar ƙodar an duba.

Sannan ga maganar hanta. Inzayim ɗin CYP3A ne ke narkar da takrolimus, kuma magunguna da yawa na yau da kullum suna taɓa shi. Mutum ya yi tari wani likitan da bai san tarihinsa ba ya rubuta masa kilaritiromaisin, ko a ba shi fulukonazol, cikin 'yan kwanaki takrolimus ya taru a jini don an toshe masa hanyar fita. Rifamfisin na tarin fuka akasin haka yake yi, zaburar da inzayim ɗin yake har maganin ya kusa ɓacewa daga jini, sai an ninka dos ɗin sau da yawa ana bi da gwaji, kuma ranar da aka gama shan rifamfisin dole a tuna a sauko da shi, wannan saukowar ita aka fi mantawa. Akwai ma bambanci na halitta, masu CYP3A5 mai aiki, waɗanda sun fi yawa a cikin mutanen da asalinsu Afirka ne, suna narkar da maganin da sauri don haka galibi dos ɗinsu ya fi na wasu. Na daina kallon dos ɗin wani in ce ai wannan ya yi yawa kafin in ga jininsa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na wata baiwar Allah da ta shekara da shekaru tana shan azatiyofirin, shi ma maganin danne garkuwa, lafiya lau. Babban yatsan ƙafarta ya kumbura, ciwon gaut, a wani wuri aka ba ta alofurinol, wanda a karan kansa magani ne mai kyau ga wannan ciwon. Bayan 'yan makonni aka kawo ta jiki duk ya mutu, baki ya yi gyambo, idanu fari fat, fararen ƙwayoyin jininta sun faɗi ƙasa warwas. Azatiyofirin a jiki yana komawa wani sinadari da ake kira 6-MP, ɗaya daga cikin hanyoyin da jiki ke kawar da shi kuwa ita ce inzayim ɗin zantin oksides, shi kuma alofurinol aikinsa kenan kashe wannan inzayim ɗin, don haka maganin ya taru ya danne ɓargo, inda ake yin ƙwayoyin jini. A littafi layi ɗaya ne, idan dole sai an haɗa su a mayar da azatiyofirin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na dos a riƙa duba jini. Na san layin. Amma sai da na tsaya a bakin gadonta ina jin tana ce wa 'yarta ita fa maganin ƙafa kawai ta sha, sannan layin ya shiga jikina. Ta warke alhamdulillah bayan kwanaki a keɓe. Tun daga ranar bana tambayar mutum wane magani kake sha, cewa nake yi a juye min jakar gaba ɗaya a kan tebur, har da wanda ake ganin ba komai ba ne. Shi azatiyofirin ɗin akwai ma mutum kusan 1 cikin 300 da aka haifa ba su da inzayim ɗin TPMT mai aiki, su ko ba alofurinol dos na kowa da kowa zai iya kwantar da ɓargonsu, shi ya sa ake gwadawa kafin a fara inda hali ya yi.

Metotireksat kuwa ga masu amosanin gaɓɓai sau ɗaya ne a sati, a sati fa, ba kullum ba, kuma an rasa rayuka a kan wannan kuskuren. Yanzu sai na sa mutum ya zaɓi ranarsa da bakinsa ya maimaita min, in rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, in kuma gaya masa kar ya yarda a haɗa masa da Septrin. Firedinisolon wanda ya sha fiye da sati uku baya tsayarwa farat ɗaya, don jiki ya rage samar da nasa kotisol ɗin, a hankali ake saukowa. Maikofenolet yana lahanta ɗan tayi, mace mai shekarun haihuwa dole a zauna a yi maganar da ita a fili tun kafin ƙwaya ta farko.

Da aka mayar da ni wajen masu karɓar magungunan zamani ɗinnan da ake ƙerawa daga furotin, irin waɗanda sunansu ke ƙarewa da mab, na ɗauka an huta. Ai su ba sa bi ta CYP3A, kuma abu ɗaya tak suke hara maimakon su danne garkuwa gaba ɗaya. Asalinsu aikin Köhler da Milstein ne na 1975, waɗanda suka gano yadda za a samar da antibodi, furotin ɗin garkuwa mai kama abu ɗaya tak, iri ɗaya sak da yawa, rituksimab ya fito a 1997, infiliksimab a 1998, adalimumab a 2002, kuma gaskiya na ga abin mamaki, mutumin da yatsunsa suka ƙage baya iya ɓalle maɓallin riga ya dawo bayan 'yan watanni yana rubutu da hannunsa. Amma ashe abu ɗayan da suke harar ba a banza yake zaune a jiki ba. TNF, furotin mai tayar da kumburi da infiliksimab da adalimumab ke kashewa, shi ne ke riƙe da katangar da jiki ya gina ya tsare ƙwayoyin tarin fuka masu barci, mutum yana iya ɗauke da su shekara ashirin bai taɓa tari ba, ka cire TNF katanga ta rushe, kuma sau da yawa ba ma a huhu ciwon ke ɓullowa ba balle a gane da wuri. Rituksimab yana share ƙwayoyin B, su ma cikin fararen ƙwayoyin jini, masu ɗauke da alamar CD20, idan mutum ya taɓa kamuwa da ciwon hanta nau'in B, ko da an ce masa ya warke, cutar tana iya farkawa ta lalata hanta. Ekulizumab sai an yi rigakafin sanƙarau kafin a fara. Kowanne da ƙofar da yake buɗewa, kuma aikin da za a yi kafin allurar farko ne, hoton ƙirji da gwajin tibi da gwajin hanta, da alluran rigakafi, don da zarar an fara ba a ba da masu ƙwayar cuta mai rai irin su BCG da ta ƙyanda da ta shawara. Har jaririn da uwarsa ta karɓi infiliksimab a ƙarshen ciki ana ɗage masa irin waɗannan, saboda maganin yana ratsa mahaifa ya zauna a jininsa watanni.

Abin da ban taɓa kawowa ba kuma shi ne magungunan nan suna kashe ƙararrawa. Mun saba zazzaɓi da hawan CRP, furotin ɗin da ake aunawa a jini, su ne ke gaya mana akwai cuta a jiki, toh hanta bata yin CRP sai IL-6 ya umarce ta, tosilizumab kuwa hanyar IL-6 ɗin yake toshewa. Sai ka ga mai ciwon huhu sosai ko wanda hanjinsa ya huje, jiki ba zafi, CRP lafiya lau a takarda, shi dai kawai yana cewa bana jin daɗin jikina. Sitiroyid ma yana ɓoye zazzaɓi da zafin ciki. Ni da aka koya min in yarda da lamba, a nan na koyi cewa idan mai shan waɗannan ya ce jikina ba daidai ba, maganarsa ta fi takardar nauyi, a duba shi a ranar ba sai gobe ba. Ɗaya ɓangaren kuma na masu ciwon daji da ake ba su magungunan sakin birkin garkuwa, waɗanda ke toshe birkin da ake kira CTLA-4 ko PD-1, aikin da ya kai James Allison da Tasuku Honjo ga kyautar Nobel a 2018, su gudawarsu ba a ɗaukarta da wasa, tana iya zama garkuwar ce ta juyo tana cin hanji, maganinta kuma sitiroyid, wani lokaci ma infiliksimab ɗin dai.

Baba ya dawo bayan wajen wata huɗu, wannan karon hannunsa na rawa har takardar da ya miƙo min tana kaɗawa, sakamako 15. Kafin in buɗe baki ya ce ɗana yau ban sha ba sai da aka ɗiba, na riƙe maganarka. Na ce toh Baba a juye min jakar, ya juye, babu wani sabon abu ko ɗaya. Na ce cikinku fa lafiya? Ya ɗan yi shiru sannan ya ce kwana biyar kenan yana gudawa, bai ga abin faɗa a ciki ba. Gudawa tana ɗaga takrolimus, don bangon hanji shi ma yana narkar da wani kaso na maganin kafin ya shiga jini, idan hanjin ya ƙwale sai ya shige da yawa, ga kuma ƙarancin ruwa da ke ƙara takura ƙodar. Wannan karon lambar ta gaske ce. Na kai wa likita, aka rage dos na ɗan lokaci aka sa masa ruwa aka tura bayan gida gwaji, aka ce ya dawo bayan kwana uku a sake ɗiban jini, don da zarar cikin ya tsaya maganin zai sauko, dole a mayar masa da dos ɗinsa na da.