Santimita shida da suka hana ni zama a kan sirdi

Ciwon sirdi a keken tirayatlon, wato gasar da ake yin iyo, sai tseren keke, sai gudu a jere, ba irin na keken tsere na kan titi ba ne, kuma dalilin yana ƙugu. A keken titi mutum yana zaune ne a kan ƙasusuwan ɗuwawu guda biyu. A keken tirayatlon kuwa, da zarar ya kwanta a kan sandunan gaba ya ɗora gwiwoyin hannu a matashinsu, sai ƙugu ya juya gaba, nauyi ya bar waɗannan ƙasusuwan ya koma kan ƙashin mara da naman tsakanin ƙafafu, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Ga bututun sirdin ma a miƙe yake, wajen digiri 76 zuwa 80, na keken titi kuwa 73 ko 74. Shi ya sa awon faɗin ƙasusuwan zama, wanda ake yi ta zama a kan soso, bai amfane ni da komai ba: ya auna wurin da ba na zama a kansa.

Da sirdi mai dogon hanci, kafin rabin awa gabana ya mutu, ba na jin komai. Sirdi mai yawan soso ya fi muni, domin ƙashi yana nutsewa ciki, soson kuma ya taso ya danne naman tsakiya. Mafita ita ce sirdi mai gajeren hanci ko wanda aka tsaga gabansa biyu, irin waɗanda kamfanonin ISM da Cobb suka yi suna da su. Reshe biyun suna ɗaukar ƙashin mara dama da hagu, tsakiya ta zauna a sarari.

A nan abin ya ba ni mamaki, har yau kuma yana ba ni haushi. Na ɗaura sabon sirdin da lambobin tsohon: tsayi ɗaya daga cibiyar feda, wato inda hannayen feda suke juyawa a jikin keke, tazara ɗaya daga hancin sirdi zuwa matashin gwiwar hannu. Tef ya ce komai daidai. Jiki ya ce ƙarya ne. Cinyoyina suna gugar reshen sirdin a kowane juyi, matsematsi ya saɓule, maruru ya fito a gefe ɗaya, bayan gwiwa yana ja. Sirdin da ya fi tsada a cikin duk waɗanda na gwada ya zama wanda ya fi azabtar da ni, saura kaɗan in sayar da shi.

Ashe irin wannan sirdin ya gaza na gargajiya tsawo da santimita 5 zuwa 8, kuma daga gaba aka yanke. Idan aka ajiye gabansa inda hancin tsohon yake, an tura dukan sirdin gaba ke nan. Hannuwa suna inda suke, ƙugu yana neman mazauninsa na da, sai ya faɗa tsakiyar sirdin, wurin da ya fi faɗi, maimakon kan reshen. Duk gugar daga nan take. Da na ja shi baya santimita shida, na zauna a kan santimita huɗu ko biyar na gaba kawai, sauran jiki yana rataye a iska, sai cinyoyi suka sami hanya.

Yanzu ba na aunawa daga hanci sam. Ina neman wurin da faɗin sirdi ya kai santimita 8, in manna ɗan salatif in ja layi, daga wannan layin nake ɗaukar komai: tsayi zuwa cibiyar feda, da tazara zuwa matashin gwiwar hannu. Layin ma mafari ne kawai, amma ya fi hanci gaskiya nesa ba kusa ba. A rubuta lambobin tsohon sirdi tun kafin a kwance shi.

Tsayi ma sai da na taɓa. Kowane sirdi da kaurinsa daga ƙarafan ƙasa zuwa saman fata, don haka alamar da ke jikin bututu ba ta da amfani idan an canza sirdi. Na sauke milimita biyar, jan bayan gwiwa ya tafi. Abin nema shi ne gwiwa ta rage lanƙwasa ta digiri 30 zuwa 40 idan feda tana ƙasa ana cikin tuƙi. Ka sa a ɗauke ka bidiyo ta baya: in ƙugu yana rangaji dama da hagu, sirdin ya yi sama, kuma wannan rangajin shi ke goge fata kamar dutsen niƙa, sannu sannu har ta buɗe.

Karkata kuwa kaɗan ake yi. Na fara da shi a kwance daidai, na riƙa sunkuyar da gaban digiri ɗaya-ɗaya, ina aunawa da wayar hannu a kan ɗan katako. Tsakanin 1 da 3 ya ishi yawancin mutane. In ya wuce haka za ka riƙa zamewa gaba kana tura kanka baya da kafaɗu, kuma wuyan da ya sanƙare a kilomita 90 ko 180 na keke bai da abin da zai ba ka a gudu.

Akwai ciwon da ake haƙuri da shi da wanda ba a yi. Tsamin ƙashin mara a makonnin farko rashin sabo ne, yana wucewa. Mutuwar gaba, ko tsami mai kamar tsira allura, ba ta wucewa da haƙuri. A sauka a gyara, in ta daɗe bayan an sauka a ga likita.

Gwajin ma sai a cikin kayan gasa. Wandon tirayatlon soson sa siriri ne, tunda da shi ake iyo ake gudu, sirdin da ya yi daɗi da wandon keke mai kauri zai iya ba ka kunya ranar gasa. Jiƙaƙƙiyar fata bayan iyo ta fi saurin saɓulewa, sai a shafa man hana guga tun kafin shiga ruwa, kuma ba a sa kamfai a ciki. A kwance kan sanduna ake gwadawa, awa guda ko fiye ba ɗagowa, abu ɗaya ake canzawa a kowace fita. Da na canza tsayi da karkata da tazara lokaci guda, da ban gane cewa santimita shidan nan ne matsalar ba.

Wajen ɗaurewa a duba ƙarafan ƙasan: na ƙarfe zagayayyu ne, milimita 7, na kabon kuma yawanci 7 da 9, ba kowane maƙali, wato abin da ke riƙe sirdi a kan bututu, ne ke karɓarsu ba. Akwai layukan iyaka a jikinsu, jan sirdi baya kada ya wuce su. In santimita shida sun fi ƙarfin ƙarafan, yawancin kekunan tirayatlon maƙalinsu yana zamewa gaba da baya a kan bututun, ko yana da rami biyu. Daga nan ake samo ragowar. Sukurori kuma a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, daidai lambar da aka rubuta a jikin maƙalin.