Ranar Asabar mu bakwai muka fita

Lahadin da ta wuce majami'armu ta cika har sai da aka jera kujerun roba a waje ƙarƙashin rumfa. Zumuntar Mata suka yi waƙa, aka ɗibi baiko sau biyu saboda ginin gidan fasto. Kafin addu'ar rufewa sakatare ya sanar cewa ranar Asabar za a fita wa'azi wani ƙauye a bayan gari, akwai mota, duk mai niyya ya zo da ƙarfe bakwai. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Da Asabar ta zo, mu bakwai muka hallara, huɗu daga ciki tsofaffin mata ne, ɗaya ma da sanda take tafiya. Motar mai ɗaukar mutum goma sha takwas ta tashi kusan fayau.

A hanya kakana nake ta tunawa. Bamaguje ne daga ƙasar Kano. Da ya karɓi bishara 'yan'uwansa suka karɓe gonar gado, suka daina cin tuwo da shi a akushi ɗaya. Da girmansa ya koyi karatu, don kawai ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda Likita Miller na Zariya ya sha wahala a kanta tare da abokan aikinsa. Ba shi da albashi. Da damina noma yake yi, da rani kuwa sai ya ɗaure littafin a bayan keke ya bi kasuwannin ƙauye, ya zauna gindin bishiya yana karanta wa duk wanda ya tsaya. An kore shi a wurare da dama, a wasu kuma an ba shi fura an ce ya dawo.

Ikkilisiyar da na tashi a cikinta ma haka aka kafa ta. A ƙarshen 1893 samari uku Turawa masu wa'azin bishara suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasarmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa ciwo ya mayar da shi, sai a 1902 aka samu zama a Patigi. Daga wannan ne ECWA, wato ikkilisiyar tamu, ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Duk shekara muna jin wannan tarihi daga bagade, mu yi tafi, mu koma gida.

Ba na raina tsoron kowa. Mu da muke zaune a Arewa mun san abin da sunan Yesu kan jawo wa mutum. Leah Sharibu tana da shekara 14 aka ɗauke ta daga makarantar Dapchi a Fabrairun 2018, aka sako sauran 'yan matan, ita aka riƙe ta domin ta ƙi barin bangaskiyarta. An kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika a Janairun 2020. Wanda ya binne nasa a irin wannan hali, in ya yi shiru, ba ni da bakin yi masa faɗa.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, 'yan'uwa. Yawancinmu ba bindiga ce ta rufe mana baki ba, kunya ce da son zaman lafiya da kowa. Ni kaina shaida ne. Bara da muka yi jana'izar mahaifiyata, wani abokin aikina da ya zo ta'aziyya ya ja ni gefe ya ce, "Malam, na ga kuna waƙa a bakin kabari, me ya sa?" Da zuciya ɗaya ya yi tambayar. Na ce masa al'adarmu ce, na sauya magana. Mutum ya tambaye ni dalilin begen da nake da shi, ni kuwa na ɓoye masa tashin Almasihu daga matattu kamar abin kunya. Har yau abin yana ci mini rai.

Kwanan nan na koma Ayyukan Manzanni sura 4. Bayan an saki Bitrus da Yohanna tare da kashedi mai tsanani, masu bi suka taru suka yi addu'a, abin da suka roƙa kuwa shi ne a ba su ikon faɗar Maganar gaba gaɗi. Na auna wannan da addu'o'inmu na ranar Laraba: aiki, aure, kuɗin makaranta, tsari daga maƙiya. Duk suna da kyau, ni ma ina roƙonsu. Sai dai na daɗe ban ji wani ya tashi ya ce a yi masa addu'a ya iya yi wa maƙwabcinsa magana ba.

Kuma gaba gaɗin da nake nufi ba na ɗaura lasifika a zagi addinin wani ba ne. Kakana bai taɓa zagin kowa ba, maƙwabtansa Musulmi ma sun zo gaisuwa ranar da ya rasu. Bitrus ɗin nan da ya tsaya gaban majalisar Yahudawa shi ne ya rubuta cewa mu ba da amsa da tawali'u da ladabi.

A ƙauyen ranar Asabar mun tarar da 'yan masu bi suna sujada a wani ɗaki mai rufin ciyawa, ba su da fasto, wani saurayi ne ke karanta musu. Da za mu tafi wani dattijo ya riƙe ƙofar mota ya ce, "Yaushe za ku dawo?" Muka kalli juna. Mama mai sandar nan ba ta jira shawarar kowa ba, ta ce, "Baba, Asabar ta sama, in Ubangiji ya yarda."

Na rubuta sunana a takardar masu komawa. Abokin aikina kuma na gayyace shi shan shayi ranar Alhamis bayan an tashi, na ce masa akwai tambayar da ya yi mini bara da ban amsa ba.